Jan Tsumma a Ɗorawar Alhaji Gwadabe

Na daɗe ina shakkar ko Nata'ala ya isa a rubuta labarinsa. A ƙasar da na yi karatu, mai gyaran itatuwa yana da takardar shaida, da hular kwano, da mota mai ɗauke da sunansa. Nata'ala kuwa ko takalmi ba ya sawa idan yana bakin aiki. Na tafi garinmu yana Abuja, na dawo na tarar an ɗauke sunan an kai wa sabon babban birnin da ake share wa fili a daji, mutane suna ta koya wa bakinsu cewa Suleja. Komai ya motsa ban da Nata'ala, wanda na same shi a kan itace kamar yadda na bar shi. Sai na riƙa tambayar kaina, shin abin da yake yi ilimi ne, ko kuwa sabo ne kawai da rashin tsoron faɗuwa? Ban gama warware wannan shakka ba. Amma abin da ya faru a gidan Alhaji Gwadabe a bazarar 1979 ya sa na ga gara in rubuta, mai karatu ya yanke nasa hukuncin.

A Iku aka haifi Nata'ala. Ubansa manomi ne mai ɗora amya a kan manyan itatuwa don samun zuma, kuma a wurinsa ya koyi hawa, ya koyi cewa ba kowane reshe mai ganye ne yake da rai ba. Da ya girma ya yi 'yan shekaru yana leburanci wurin masu dashen itatuwan bakin hanya. Yawancin darbejiyar da mutane ke sha wa inuwa a garin, da hannunsa ya sa su a rami. Da suka girma suka fara leƙa rufin gidaje, aka rasa mai rage musu rassa sai shi. Daga nan sana'a ta samu, suna kuma ya bi ta: Wanzamin Itatuwa. A shekarar da ake magana ya doshi sittin, gajere ne mai faɗin tafin ƙafa, yana ɗan ɗingishi saboda wani rimi da ya taɓa gwada masa iyakarsa.

Kayan aikinsa ba su da yawa: gatari, adda, zarto, da igiyar rama wadda matarsa Daso take tufka masa. Idan ya hau itace ba ya fara sara. Sai ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa su da ƙotar gatari, kunnensa a manne. Lafiyayyen reshe yakan amsa a taƙaice, kamar mutumin da ba ya son surutu. Ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi ta amo kamar tulun da babu ruwa. Idan zai sare, daga ƙasa yake farawa kafin ya koma sama, don kada reshen ya ɓare wa uwar itacen ɓawo garin faɗuwa. In ya gama ya shafe wurin da laka wadda aka kwaɓa da toka da kashin shanu.

Yana da ƙa'ida biyu da duk garin ya sani. Ta farko, ba ya sare reshe a ranar da aka nuna masa shi. Sai ya ɗaura masa jan tsumma ya tafi, ya dawo bayan kwana uku. Yakan ce reshe na mai gida ne, amma inuwa ta wanda ya saba zama ce. A cikin kwana ukun nan ne ake jin tsohuwar da take ɗaure akuyarta a gindin, da mai shayin da ya kafa teburinsa, da maƙwabcin da ya tuna cewa kakansa ne ya shuka itacen. Duk mai magana ya yi ta tun gatari bai taɓa ba.

Ta biyu, ba ya sara sai mai itacen ya ce da bakinsa "sare," a gaban mutum biyu. Wannan a Tafa ya koyo ta, yana saurayi. Wani ya nuna masa reshen mangwaro ya ce nasa ne, ya sare. Ashe ƙanen mai gidan ne, kuma wan yana gona. Aka kai shi gaban alƙali. Alƙali ya tambaye shi ko zai iya mayar da reshen inda yake, ya ce a'a. Alƙali ya ce, "To, abin da ba ka iya mayarwa, kada ka cire sai mai shi ya ce ka cire." Shekara kusan arba'in bai karya wannan ba. Kuma a duk tsawon lokacin, babu reshen da ya ɗaura wa tsumma da ya taɓa faɗo wa ɗan Adam. Ba shi da gida mai bene, ba shi da keke, wannan ce kaɗai dukiyarsa, kuma yana ji da ita fiye da yadda attajiri yake ji da rumbunsa.

Shekarun nan aiki ya yi masa yawa. Masu gina sabon birni ba su da wurin kwana a can, sai suka cika garin: direbobi, magina, akawuna, masu awon ƙasa. Duk mai akurki ya kori kajinsa, ya shafa farar ƙasa, ya ce ɗakin haya ne. Itatuwan da aka haifi mutane a inuwarsu suka wayi gari sun zama masu tare fili. Wani kwamitin ƙawata gari ma ya taɓa kiransa, wai ya daidaita tsayin darbejiyar babban titi duka, kowacce ta yi kai ɗaya da 'yar'uwarta kamar sojoji a fareti, saboda za a yi manyan baƙi. Ya ce musu zai yi, in sun yarda su ma 'yan kwamitin a daidaita nasu tsayin. Ba su sake nemansa ba, suka sa aka yi wa itatuwan farar safa da fenti.

A cikin wannan hali ne Alhaji Gwadabe ya aiko masa. Alhaji mai sayar da kwanon rufi ne da ƙusa, ya gāji wata gona a hanyar Kurmin Sarki, ya zagaye ta da ɗakunan haya. Abin da ya rage na gonar shi ne wata ƙatuwar ɗorawa a tsakar gida. Yana so a cire mata reshen da ke wajen kudu, don zai ƙara ɗaki a wurin.

Nata'ala ya hau da hantsi. Reshen kudu ya amsa masa lafiya lau. Da yake ba ya sauka sai ya gaida kowa, ya zarce zuwa sauran rassan. Da ya zo kan wani babban reshe da ya miƙe ta arewa, sai ya tsaya. Kauci ya kama shi, wato tsiron nan da tsuntsaye ke kawo irinsa, ya kafa saiwa a jikin itace yana shan ruwansa. Ya yi cunkus, kore shar, da jajayen furanni, har mai kallo daga ƙasa zai ce nan ne itacen ya fi lafiya. Nata'ala ya ƙwanƙwasa gindin reshen, ya sake ƙwanƙwasawa. Ya zura adda a wata 'yar kafa, ta shige har ƙota, ta fito da gari da gara. Ya leƙa ƙasa. Daidai ƙarƙashinsa rufin wani ɗaki ne, da rumfa a gabansa, hayaƙi yana tashi.

Ya ciro jan tsumma ya ɗaura a nan, ya sauko.

Alhaji yana tsaye da carbi, haƙorin Makka yana walƙiya. Ya ce, "Malam Nata'ala, tsufa ya fara taɓa ka ne? Kudu na ce. Ka san kudu kuwa?"

"Na san ta, Alhaji. Na kudun ya fi ni lafiya, ya fi ka. Wancan ne mataccen."

"Matacce? Ka ga ganyen da ke kansa?"

"Ba nasa ba ne, na baƙo ne. Cikinsa kogo ne, gara ta gama da shi. Hadarin farko mai iska, zai sauko."

Alhaji ya matso, ya rage murya, ya ja shi gefe. Ya ce, "Kai ba yaro ba ne, bari in gaya maka. Shekara uku da suka wuce wani mai magani ya wuce ta nan, ya ɗaga kai ya ga kaucin nan. Ya ce mini muddin yana raye a gidana, ɗakina ba zai kwana ba mutum ba. A shekarar nan, a shekarar nan fa, baƙi suka fara zuwa. Yanzu har roƙona ake. Kai kuma ka zo da gatari?"

Nata'ala ya ce, "Ni na ɗauka gwamnati ce ta kawo su."

"To wa ya juyo da hankalin gwamnati nan? Duk faɗin ƙasar nan ba su ga wuri ba sai kusa da mu?"

Nata'ala ya dubi kaucin, ya dubi Alhaji. Bai taɓa jin an ɗora wa tsiro nauyi irin wannan ba. Ya ce, "Alhaji, ka ce in sare."

"Ba zan ce ba. Hau ka cire tsummanka."

"Tsummana ba ya sauka sai da reshensa."

"To ya kwana can. Ai ado ne."

Mai ɗakin da ke ƙarƙashin reshen wata Bayarabiya ce, Yetunde, amma kowa Iya Bukola yake ce mata. Ta shekara goma sha a garin, tana sayar da shinkafa da wake da teba, kuma tun da leburorin sabon birni suka zo tukunyarta ba ta kai azahar. A rumfar take dafawa, a ɗakin take kwana. Ta ji duk abin da aka ce, don ba a yi bangon gidan Alhaji don riƙe sirri ba. Da Nata'ala zai fita ta tare shi da ludayi a hannu.

Ta ce, "Baba, gaskiya ne zai faɗo?"

"Gaskiya ne."

"To me kake jira? Alhaji yana tafiya kanti da safe, ba ya dawowa sai azahar. Ka hau ka sare, ni zan ce iska ce."

"Iska mai zarto?"

"Baba o! Kai ƙa'ida, ni kuma kaina! In ya faɗo mini, ƙa'idarka ce za ta kai ni asibiti?"

Ya ce mata dai idan ta ga gabas ta yi baƙi, ta fita daga ɗakin. Ta ce ta fita ta je ina, ɗaki a garin nan ya fi miji wuyar samu.

Da ya koma gida ya kasa cin tuwon rana. Daso tana zaune tana murza rama a cinya, ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "Kai dai, Malam, itace ka iya ƙwanƙwasawa, ba ka iya ƙwanƙwasa mutum ba. Ka je kana yi wa mai kwaɗayi maganar mutuwa. Shi mutuwa ce ta dame shi? Ka yi masa maganar abin da wani yake ci nasa."

Ya kwana biyu yana juya maganar. A rana ta uku, ranar da ya kamata a ce ya zo sara, ya tafi gidan ba gatari. Ya sami Alhaji a ƙofar gida tare da Luka, kafintan da rumfarsa take kallon gidan, wanda suka saba tsokanar juna da Nata'ala tun suna samari.

Bayan gaisuwa Nata'ala ya ce, "Alhaji, na yi tunani, wataƙila mai maganin nan yana da gaskiya. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ganyen kaucin da furensa, a rufin wa suke zuba?"

Alhaji ya waiga ya dubi ɗorawar. Nata'ala ya ci gaba.

"Ni dai na ga Iya Bukola ta ƙara tukunya ta uku. Na ga ta yi sabon benci."

Luka ya ce, "Biyu. Ni na yi mata."

Nata'ala ya ce, "To ka gani. Kai ke da itace, wata ke da albarka. Ni da ni ne, sai in sa a sauke reshen, in kwashe kaucin in shanya, in adana a ɗakina, inda ba mai ci sai ni."

Alhaji ya daɗe yana kallon rufin ɗakin, yana jan carbi da sauri. Can ya ce, "Wallahi ka yi magana. Na gode, Malam Nata'ala. Ka zo jibi."

Nata'ala ya tafi yana jin daɗi, ya wasa gatari, ya gaya wa Daso cewa ashe mutum ma yana da kogo. Jibi ya dawo da kayan aiki. Tun daga bakin titi ya ga Luka yana dariya har yana riƙe ciki.

Alhaji ya mayar da Iya Bukola ɗakin ƙarshe na bakin ƙofa, da ita da tukwanenta. Ɗakin da ke ƙarƙashin reshen kuwa an share shi, an sa labule, an shigar da gadon ƙarfe da rediyo da teburi. Alhaji da kansa ya tare a ciki, nan yake hutun rana, nan yake ganin baƙi. Ya ce sauke kauci ai kashe shi ne, busasshen arziki kuma ba ya haihuwa. Gara ya bar shi a sama yana zubo masa sabo kullum.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma Luka ba ya riƙe magana, kuma labari ya kai kasuwa cewa Wanzamin Itatuwa da kansa ya tabbatar da kaucin gidan Gwadabe. Mutumin da bai taɓa yin ƙarya a kan itace ba! Kafin mako ya zagayo, rumfar da Iya Bukola ta bari ta zama majalisa. Dillalan filaye, masu neman kwangilar yashi, wani mai son tsayawa takara a zaɓen da ke tafe, duk suka gano cewa sun daɗe ba su gaida Alhaji ba. Suna zaune suna hira, idanunsu suna sama. Ganye ya faɗo, a yi kamar ba a gani ba, sai wani ya ɗora ƙafa a kai, can ya sunkuya kamar zai sosa ɗan yatsa. Da can mace ɗaya ce a ƙarƙashin reshen. Yanzu ba a rasa mutum goma.

Nata'ala ya tsaya a bakin rumfar ya gaya musu gaskiya tiryan-tiryan: reshen ruɓaɓɓe ne, maganar albarka dabara ce ya yi don a bar shi ya sare. Suka yi murmushi irin na waɗanda suka san duniya. Ɗan takarar ya ce, "Haka ne, Baba. Mu tashi, kai ka zo ka zauna." Aka yi dariya.

Daso ta ce, "Garin neman gira ka rasa ido."

Ya ce, "Shawarar wa na bi?"

"Ni na ce ka ƙwanƙwasa shi, ban ce ka buga masa ganga ba."

Zafi ya tsananta, ɗorawa ta nuna, da yamma ana ganin walƙiya can nesa ta gabas. Nata'ala ya san bai fi saura kwana goma hadari ya iso ba. Ya yi tunanin ya hau ya sare, a kai shi inda za a kai shi. Amma reshe mai wannan nauyi, a kan rufi, ba ya saukuwa a ɓoye cikin sa'a guda. Sai an kwashe mutane, an yanyanka shi gunduwa-gunduwa ana zurarowa da igiya, aikin yini ne cur. Yana kallon hannun Daso tana tufka, sai ya ce, "Ramar da ke gidan nan nawa ce?"

"Me za ka yi da ita?"

"Ina son igiya uku, kowacce kaurin hannuna. An hana ni sara, ba a hana ni ɗauri ba."

Kwana huɗu suna tufka su biyu, har tafin hannun Daso ya yi kanta. Sannan ya ɗauki igiyoyin a ka ya nufi gidan Alhaji. A wannan karon bai yi maganar ruɓa ba. A gaban majalisa ya ce, "Alhaji, ko akuya ka saya ai kana ɗaure ta. Arziki kamar wannan ka bar shi sake a sama, ga iska tana tafe?"

Alhaji ya ce, "Ɗaurewa za ka yi? Ba sara?"

"Ko adda ban zo da ita ba."

"Kun ji ko? Ɗaure shi tamau, Malam Nata'ala! Kada ya je ko'ina!"

Ya yini a sama. Ya ɗaure reshen a wuri uku, ya ja igiyoyin ya kai su can ƙololuwa ya naɗe a wani ƙaƙƙarfan reshe da ya karkata yamma. Lissafinsa shi ne idan gindin ya karye, reshen ba zai faɗo kai tsaye ba, zai yi lilo kamar ƙyaure ya bar rufin, ya sauka a filin da ke yamma. Ya roƙi a bar filin nan ba kowa. Alhaji ya ce ba komai, ya ga wuri ne mai kyau ma, ya sa aka jibge masa bandir ɗin sabon kwanon da zai rufa ɗakin da yake shirin ginawa.

Daga ranar nan, da zarar gabas ta haɗe fuska, ko yana wane aiki, Nata'ala zai sauko ya zo ya zauna a bencin Luka yana kallon ɗorawa. Sau biyu hadari ya taso ya watse. Luka ya ce, "Kai da budurwa ka yi wa wannan zarya da yanzu an ɗaura aure."

Na ukun bai watse ba. Wata Laraba ce, bayan azahar kaɗan. Gari ya yi tsit, sannan iska ta zo gaba ɗaya, tana kwasar faifai da kwanuka da zanen shanya. 'Yan majalisa suka miƙe a guje neman mafaka, kuma mafaka mafi kusa ita ce ɗakin Alhaji. Su bakwai suka dunguma ciki suka ja ƙofa.

Nata'ala ya tsallaka titi da ɗingishinsa yana dukan ƙofar. "Ku fito! Alhaji, ku fito, don Allah!"

Daga ciki Alhaji ya ce, "Shigo mana, akwai wuri!"

Iya Bukola ce ta fito daga nata ɗakin ta fizgo shi ta baya. Ba su yi taku biyar ba suka ji ƙara kamar an harba bindiga. Nata'ala ya juya. Gindin reshen ya buɗe baki, garin gara ya tashi kamar hayaƙi. Reshen ya yi ƙasa, igiyar farko ta tsinke, ƙarshensa ya daki bakin rufin ya yaye kwano ɗaya. Sai sauran biyun suka miƙe, suna kuka kamar sabon takalmi. Reshen ya tsaya cak a iska, kamar mai tunani, sannan ya juya a hankali ya bar kan ɗakin, ya tafi yamma ya zube a kan bandir ɗin kwanon Alhaji. Aka ji ƙarar har kasuwa. Sannan ruwa ya kece.

Nata'ala ya zauna a ƙasa cikin ruwan. Iya Bukola tana ta kiran sunan Yesu, tana jijjiga masa kafaɗa.

Da ruwa ya tsagaita ƙofar ta buɗe. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, ba mai ko ƙwarzane. Alhaji ne na ƙarshe, ba hula. Ya dubi ramin da ke rufinsa, ya dubi reshen, wanda kaurinsa ya kai na bijimi, ya dubi kwanonsa da ya koma kamar ganyen da aka taka. Kowa yana jiran abin da zai ce. Nata'ala ma ya ɗaga kai.

Alhaji ya ɗaga hannu biyu. Ya ce, "Jama'a, kun gani da idonku! Ya zo daidai kaina, ya gane ni, ya kauce! Wa zai sake ce mini abin nan ba shi da sirri?"

Aka ɗauki kabbara. Sai kuma kowa ya tuna cewa kaucin yanzu yana ƙasa. Ɗan takara ne ya fara kai hannu, dillalai suka rufa masa baya, Alhaji yana tsakiya yana ihu yana ture su da gwiwar hannu. Ba wanda ya dubi igiyoyin nan biyu da suke rataye, sun miƙe har sun sirance, sai Luka, wanda ya je ya taɓa ɗaya ya girgiza kai.

Da ƙura ta lafa, reshen ya zama tsirara, ya kuma tare hanyar bayan gida. Alhaji ya waiwayo, rigarsa cike da ganye, ya ce, "Malam Nata'ala, wannan gungumen fa? Sare mana shi."

Nata'ala ya miƙe. Ya ce, "Luka, ka ji? Iya Bukola, kin ji?"

Suka ce sun ji.

Ya je ya kwance jan tsummansa, ya matse ruwan, ya sa a aljihu. Washegari ya zo da gatari ya faskara reshen, Iya Bukola ta sami itacen girki na wata guda. Ya hau ya daidaita bakin karayar da zarto ya shafe ta da laka. Reshen kudu kuwa yana nan har yau, don kwanon da za a rufa sabon ɗakin da shi ya riga ya tafi, kuma Alhaji ya ɗauki hakan a matsayin ishara.

Bayan 'yan makonni na same shi a gida, yana zaune kusa da Daso suna tufka wata igiyar. Ya ba ni labarin yadda na rubuta shi, Daso tana gyara masa inda ya rage nata rabon. Na so in tambaye shi ko ya ji zafin yadda aka ba tsiro ladan aikinsa, amma na ga tambaya ce irin ta wanda ya daɗe a waje. Sai na ce, "To Baba, tsakaninka da Allah, kauci yana kawo arziki?"

Bai ɗaga kai daga igiyar ba. Ya ce, "Yana kawowa mana. Duk itacen da ya kama, sai an aiko a kira ni."